Motar da aka yi wa sauyi: ki tabbatar kulocin sama da na ƙasa sun dace da juna

Na san kin saba ki ji ni kan zazzaɓin yara, rigakafi ko awon ciki. Yau gareji zan kai ki, domin motar da kike zuba yara a ciki kullum safe ta shafi lafiyarsu kamar yadda abincinsu ya shafa.

Gidaje da yawa motarsu ba yadda ta fito daga kamfani take ba. An sayo ta ta hannu, 'yar Kwatano ko wadda ta sha hannu a nan gida, sannan an yi mata aiki. Wata otomatik ce, giyarta ta lalace, kuɗin gyara ya yi yawa, maigida da makanike suka yanke shawarar a mayar da ita mai giyar hannu. Wata an cire mata inji da giyabos an sa na wata motar. Wata kuma daga Ingila ko Japan ta zo da sitiyari a dama, aka dawo da shi hagu, tunda Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, kuma idan sitiyari ya tashi dole fedoji su bi shi.

A duk waɗannan ayyukan akwai wasu ƙananan abubuwa biyu da ake yawan haɗawa da ka, ba tare da awo ba. Su ne kulocin sama da kulocin ƙasa. Idan ba su dace da juna ba, ƙafarki ta hagu ce za ta fara sani, daga nan aljihun gida, wani lokacin kuma abin ya kai ga hatsari.

Me ke faruwa idan kin taka kuloci?

Tsakanin inji da giya akwai wani faifai da sifirin mai ƙarfi ke matsewa a jikin injin. Muddin yana matse, inji na juya tayoyi. Idan kin taka kuloci, ana danna sifirin ɗin ne ya saki faifan, inji ya rabu da giya, ki samu damar sauya giya ko tsayawa ba tare da mota ta mutu ba.

Wasu motocin waya ce ke ɗaukar ƙarfin ƙafarki zuwa can. Wasu kuma mai ne, irin man birki. Tsarin mai ba sabon abu ba ne, Peugeot 504 da aka daɗe ana haɗawa a Kaduna ma da shi take aiki. A wannan tsarin akwai ƙaramin famfo a bayan feda, shi ne kulocin sama, wasu su ce masta. Akwai wani a jikin giyabos, shi ne kulocin ƙasa. Siririn bututu cike da mai ne ya haɗa su. Kin taka feda, na sama ya tura mai, man ya bi bututu ya tura fistin ɗin na ƙasa, shi kuma ya danna sifirin.

Mu ma'aikatan jinya wannan abu a hannunmu yake kullum, domin sirinji ne guda biyu da aka haɗa baki da baki. Za ki iya gwadawa a gida da yaranki 'yan makaranta. Ki sayi sababbin sirinji biyu a kemis, ɗaya mai mil 5, ɗaya mai mil 20, ki ajiye allurar gefe inda hannun yaro ba zai kai ba, ki haɗa bakunansu da guntun robar ƙarin ruwa sabuwa, ki cika da ruwa ta yadda ba iska a ciki. Ki danna ƙaramin har ƙarshe. Za ki ga ya tafi da sauƙi, amma babban bai motsa ba sai kashi ɗaya cikin huɗu na tsawonsa. Yanzu ki danna babban. Za ki ji ya fi tauri, kuma kafin ki yi nisa ƙaramin ya kai ƙarshe, in kika ƙara ƙarfi ma sai ya faɗo waje, ruwa ya watse.

Abin da kika gani ke nan shi ne dukkan labarin. Wani masani Bafaranshe, Blaise Pascal, wanda ya rayu daga 1623 zuwa 1662, shi ya bayyana ƙa'idar: ruwan da aka kulle ba ya matsuwa, duk ƙarfin da aka danna shi da shi yana isa ko'ina a cikinsa. Don haka sauƙin feda da nisan tafiyar fistin kamar gwiwar hannu da baki ne, ba a samun su cikakku a tare. Abin da aka ƙara wa ɗaya, daga ɗayan aka rage.

Ɗan bambanci a ido, babba a ƙafa

Ana auna waɗannan famfunan da faɗin raminsu. Girman da aka fi haɗuwa da su sun haɗa da inci 5/8, wato milimita 15.87, da inci 3/4, wato milimita 19.05, da inci 7/8, wato milimita 22.22. Tsakanin kowanne da na gaba da shi milimita 3 ne da ɗoriya. Idan aka ajiye miki su a tebur da wuya ki bambance su, kuma sau da yawa ramin ƙusoshinsu ɗaya ne, kowanne zai ɗauru. Amma kama da wane ba ta wane.

Ga lissafi a matsayin misali. A ce kulocin sama mai 15.87 ne, kuma feda na tura fistinsa milimita 30. Man da zai fita kusan mil 6 ne, ya ɗan ɗara cikin cokalin maganin yara. Idan kulocin ƙasa mai 19.05 ne, wannan man zai tura shi kusan milimita 21. A ce abin da kulocin motar ke buƙata ke nan ya saki sarai.

To, an je kasuwa ba a samu irinsa ba, aka sa na ƙasa mai 22.22. Man bai ƙaru ba, ramin da zai cika ya ƙaru. Tafiyar ta dawo kusan milimita 15. Feda zai yi laushi, har ki ji daɗi, amma faifan ba zai saki gaba ɗaya ba.

Ko kuma na ƙasa yana nan yadda yake, na sama aka sauya da mai 19.05. Yanzu man da ake turawa ya ƙaru da kashi 44 cikin 100. Tafiyar ta koma milimita 30, ta wuce abin da ake buƙata da nisa, nauyin feda shi ma ya ƙaru da kashi 44. Idan a da kamar kilo 12 kike dannawa, yanzu ya haura kilo 17, kuma haka za ki yi ta yi sau ɗaruruwa a cunkoson tashi daga makaranta.

Akwai abu na uku da ake mantawa, shi ne fedan kansa. Idan motar otomatik ce aka mayar, da ma ba ta da fedan kuloci, sai an samo an ɗaura ko an yi walda. Wurin da sandar famfo ta kama jikin feda shi ke yanke nisan da za ta tura. Idan aka huda ramin sama kaɗan ko ƙasa kaɗan, lissafin ya sauya ko da famfunan biyu daidai suke.

Alamomi iri biyu

Idan man da ke zuwa ya yi kaɗan, wato na sama ya yi ƙanƙanta ko na ƙasa ya yi girma, ga abin da za ki gani. Feda ba nauyi. Giya ta ɗaya da ribas suna gardama, ribas har da ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Kuloci na kamawa tun ƙafarki na dab da ƙasa. Mafi muni, kina cikin giya, kin take kuloci har ƙasa, amma motar na jan jiki gaba a hankali. Ki tuna inda kike yawan yin haka: ƙofar makaranta, bakin get ɗin gida, mahaɗar da masu talla da yara ke ratsawa. A hankali kuma haƙoran giya da zobban da ke daidaita su suna ci, har wata rana a ce miki giyabos ɗin da aka saya bara ya tashi aiki.

Idan man ya yi yawa, wato na sama ya yi girma ko na ƙasa ya yi ƙanƙanta, feda zai yi tauri. Kuloci na kamawa can sama, kuma farat ɗaya, mota ta zabura ko ta mutu. Tashi a kan tudu ya zama abin fargaba. A ciki kuwa ana danna sifirin fiye da ƙima, yatsunsa na iya lanƙwashewa, fistin ɗin ƙasa na iya fita daga raminsa kamar yadda ƙaramin sirinjin ya faɗo, mai ya zube, feda ya faɗi ƙasa bai dawo ba. A motoci da yawa na baya-bayan nan kulocin ƙasa a cikin gidan giya yake, ya zagaye sandar giyar. Irin wannan idan ya fashe sai an sauke giyabos kafin a kai gare shi, kuma man na iya jiƙa faifan a sake sayen wani.

Jikinki ma na biya. Feda mai tauri a gosulo yana gajiyar da gwiwa da ƙugu da bayan ƙafa. Mai juna biyu da wadda ke fama da ciwon gwiwa sun fi ji. Direban da ƙafarsa ta gaji kuwa yakan fara taka kuloci rabi-rabi, wanda ke ƙara cinye faifan.

Ba kowane zazzaɓi ne maleriya ba

A asibiti ba ma ba da magani don jiki ya yi zafi kawai, sai mun gwada. Haka nan ba duk gardamar giya ce rashin dacewar famfo ba. Ga yadda za ki bambance.

Idan matsalar ta fara ne tun ranar da aka karɓo motar daga aiki, kuma kullum haka take, ba ta ƙaruwa ba ta raguwa, ki zargi girman famfunan ko yadda aka ɗaura feda.

Idan kika taka feda sau uku ko huɗu da sauri sai giya ta shiga lafiya, yawanci iska ce a cikin bututu. Iska na matsuwa, mai ba ya matsuwa, don haka wani ɓangare na takunki a matse iskar yake ƙarewa. Kin ga yadda muke ɗan ƙwanƙwasa sirinji mu fitar da kumfa kafin allura? Makanike ma haka zai yi, ya buɗe ɗan ƙusan da ke jikin kulocin ƙasa ya fitar da iskar.

Idan da farko lafiya lau, amma kin riƙe feda a ƙasa na ɗan lokaci sai motar ta fara ja, robar cikin famfo ce ta gaji, mai na komawa baya. Ki duba kafet ɗin da ke ƙarƙashin feda, in ya jiƙe da mai, na sama ne ke yoyo.

Idan kuma da safe lafiya, amma bayan tafiya mai nisa inji na ƙara gudu mota ba ta ƙarawa, har da ƙauri, ko dai faifan ya cinye, ko an ɗaure sandar feda ba a bar mata ɗan wasa ba. Dole fistin ɗin sama ya koma mazauninsa sarai, domin akwai ɗan rami da yake buɗewa man da ya yi zafi ya koma kwalbarsa. Idan ramin na rufe, man ya kumbura ya riƙa danna kuloci da kansa.

Gwajin minti biyar

Ki yi shi a fili mai shimfiɗe, ba yaro gaba ko baya, ba bango kusa.

Mota a kashe, ki danna feda da hannu. Ya kamata ki ji ɗan wasa kaɗan, kamar faɗin yatsa, kafin ya fara tauri.

Ki tayar da ita a firi, ki ja birkin hannu, ki taka kuloci har ƙasa, ki ƙirga uku, ki sa ribas. A motoci da yawa ribas ba shi da zoben daidaitawa, shi ya sa yake saurin tona asiri. In ya yi ƙara duk da kin jira, kuloci bai saki ba.

Ki sa giya ta ɗaya, kuloci a ƙasa, ki sauke birkin hannu, ki ɗan taɓa totur. Bai kamata ta motsa ba ko kaɗan.

Ki ɗaga ƙafa a hankali ki lura da inda ta fara kamawa. Wajen tsakiya ake so, kuma a hankali. Dab da ƙasa ko can ƙololuwa alama ce ta a koma gareji.

Akwai ƙari ɗaya ga motar da aka mayar daga otomatik. Otomatik ba ta tashi sai giyarta na wurin tsayuwa ko firi, akwai makunnin da ke hana ta. Wajen sauyi akan haɗe wayoyin wannan makunnin, sai motar ta zama tana tashi ko a cikin giya. Ranar da aka bar ta a giya ta ɗaya aka murɗa makulli, tsalle za ta yi gaba. Ki saba wa kanki da duba firi da taka kuloci kafin ki tayar, kuma ki nemi a sa makunni a fedan kuloci in zai yiwu. Kada a bar makulli a jiki yara na wasa a tsakar gida.

Abin da za ki tambaya a gareji

Ko ke za ki je, ko maigida, ko direba, matambayi ba ya ɓata. Makanike na kirki ba ya jin haushin tambaya idan an yi ta da mutunci.

"Malam, wannan giyabos ɗin daga wace mota aka ciro shi, kuma ta wace shekara?" Hanya mafi sauƙi ita ce feda, kulocin sama, kulocin ƙasa da faifan duk su fito daga irin mota ɗaya. Injiniyoyin kamfani sun riga sun yi lissafin. Ko a Ƙofar Ruwa za a saya a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas, a tafi da sunan motar da tsohon kayan a hannu.

"Nawa ne girman na sama, nawa ne na ƙasa?" Sau da yawa lambar na rubuce a jikin ƙarfen, 5/8 ko 3/4. In babu, ana iya aunawa. Amsar "ai ya shiga" ba ta wadatar ba. Jini duk ja ne a leda, amma ba ma ɗaura wa mara lafiya sai an gwada ya dace da nasa.

"An auna tafiyar na ƙasa?" Idan a waje yake, aiki ne na minti biyu: mutum ɗaya ya taka, ɗaya ya sa ma'auni, a kwatanta da abin da littafin motar da aka ciro giyar ya ce.

"An sa wa feda abin tsayarwa?" Idan dole ta sa aka yi amfani da na sama mai girma, ɗan ƙusa a bayan feda zai hana shi wuce inda kuloci ya saki. Araha ne, kuma yana ceton kulocin ƙasa.

Ki yi hattara da dabarar ƙara wa sandar kulocin ƙasa tsawo da walda ko cusa noti. Tsawon sanda ba ya ƙara yawan man da ke zuwa, wurin farawa kawai yake matsarwa. In ya yi yawa sai ya bar kuloci a danne kullum, faifan ya riƙa zamewa yana ƙonewa.

Duk amsar da aka ba ki, ki rubuta a ɗan littafi ki ajiye a motar, kamar katin rigakafin yaro. Motar da aka yi wa sauyi sunanta ba ya faɗin abin da ke cikinta. Bayan shekara biyu wani makaniken zai sayo kayan da suka dace da sunan motar, alhali giyar ta wata ce, a koma gidan jiya.

Man da kansa

Ki duba murfin kwalbar, yawanci an rubuta DOT 3 ko DOT 4. Sabon DOT 3 ba ya tafasa ƙasa da digiri 205, DOT 4 kuma 230, amma dukansu suna shan danshin iska, kuma idan sun sha, tafasarsu na saukowa sosai. Shi ya sa kamfanoni da yawa ke cewa a sauya duk bayan shekara 2, kuma kwalbar da aka buɗe ta daɗe ba ta da amfani. DOT 5 wani jinsi ne daban, ba a gauraya shi da su. Baƙin mai ko man giya kuwa kumbura robobin yake yi, ya kashe famfunan biyu. A wasu motocin kwalba ɗaya ce birki da kuloci ke sha, don haka in kin ga mai na raguwa, a duba duka biyun a ranar.

Motar da ke yoyo takan sa a riƙa yawo da kwalbar mai a ƙarƙashin kujera, a nan ne hankalina na ma'aikaciyar jinya ke tashi. Man birki guba ne, yana lalata ƙoda. Wasu nau'o'insa na ɗauke da dayetilin gilaikol, sinadarin da ya gurɓata wani maganin haƙoran jarirai a Najeriya a ƙarshen 2008 har gomman yara suka rasu. Kada a juye shi a gorar ruwa ko ta lemo. A ajiye shi a but, a rufe. Idan yaro ya sha, kada ki sa shi amai, kada ki tsaya ba shi manja ko madara, kada ki jira alama, domin da farko zai iya zama kamar lafiyarsa ƙalau. Ki ɗauki kwalbar ku tafi asibiti nan take. In a ido ya shiga, a wanke da ruwa mai yawa na kamar minti 15 sannan a je a duba.

Idan feda ya faɗi kina kan hanya

Kada ki firgita, birkinki na nan. Ki kunna sigina biyu, ki ɗaga ƙafa daga totur, ki ja giya zuwa firi, yawanci tana fita a daidai lokacin da kika saki totur. Ki taka birki ki gangara gefe. In ta ƙi fita, ki ci gaba da taka birki, motar za ta yi jijjiga ta mutu da kanta, ba komai. Ki fitar da yara ta ƙofar da ba ta kallon titi, ku matsa nesa, sannan ki kira waya.

Uwargida, ba sai kin riƙe sifana ba kafin ki kare motar gidanki. Gobe da safe kafin yara su fito, ki yi gwajin nan na minti biyar. Wadda motarsu ta taɓa shan irin wannan sauyin, ta faɗa mana a ƙasa abin da ta gani da yadda aka magance shi, 'yan'uwa su ƙaru. Mako mai zuwa za mu koma ɗakin awo. Allah ya kiyaye hanya.